Madugu da Motar Baya

Mu na Allah ne, gurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya, mijin Yayata dai ya riga mu.

Ranar da maza suka dawo daga kai shi, layin gidansu a Largo, nan Amurka kusa da Washington, ya cika da motocin haya har maƙwabta suka fito suna leƙe. Direbobi ne, mutanen Nijar da na Ghana da na Najeriya, kowa ya kashe aikin yini ya zo. Suka cika ɗakin ƙasa, takalma suka taru a bakin ƙofa har ba wurin taka ƙafa. Mu mata muna sama. Yaya tana zaune a kan darduma, ba ta kuka, ba ta magana, in an yi mata gaisuwa sai ta ɗaga kai kawai. Wadda ta fi kowa kuka maƙwabciyarsu ce, wata nas 'yar Jos, Kirista, ta shigo da tukunyar shinkafa ta ajiye, ta zauna a kan matakala tana cewa Baba ya tafi, Baba ya tafi. Wata baƙuwa ta raɗa mini wai 'yarsa ce ta wata matar? Na ce mata ta ci shinkafarta.

Ɗansa na fari yana tsaye a bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa, fuskarsa a bushe. Na ji mata biyu suna gulmar wai ko ɗigon hawaye bai yi ba. Direbobin nan kuwa, duk wanda ya kama hannunsa sai ya riƙe ya ce, ashe kai ne mai motar baya. Wani dattijo ya gaya masa cewa a wurin jiran fasinja na filin jirgi babu wanda bai haddace labarinsa ba, don Madugu, wato marigayin, ya ba da shi ya fi a ƙirga: wai akwai wani yaro da ya sani, ya taɓa ciro mota daga rairayi da hannunsa. Bai taɓa cewa ɗansa ne ba, amma kowa ya gane. Yaron ya yi godiya, ya zare hannunsa, ya hawo sama ya same ni a kicin ina wanke kofuna.

"Tanti," ya ce mini da Turanci, "kowa ya ji ban da ni."

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Mutumin kirki ya mutu, kuma ina tsoron kada ɗan da ya fi so ya riƙe shi a zuciya a matsayin uban da bai so shi ba. Ni ce ƙanwar matarsa, abokiyar wasansa, ni kaɗai ke iya gaya masa magana son raina ya yi dariya. Don haka ba zan yi masa kwalliya ba yanzu da ba ya nan.

Madugu shi ne sunan da direbobi suka sa masa, mu ma muka ɗauka. Mutumin ƙasar Damagaram ne, amma arewa ta cinye ƙuruciyarsa. Ya ja manyan motoci zuwa mahaƙar Arlit, daga baya ya koma jan kat-kat, motar nan mai ƙafa huɗu da ke shiga rairayi, yana kai Turawa yawon hamada daga Agadas. Da hanyoyin can suka lalace, baƙi suka daina zuwa, sai ya tattara ya zo Amurka, ya ɗauko Yaya da ɗansu yana ɗan ƙarami. Ni sai daga baya na biyo su, na yi karatun jinya, na samu aiki a wani asibiti nan kusa.

Mutumin da ya saba tuƙi inda ba titi, ga shi a cunkoson Washington yana jiran jar wuta. Bai taɓa ƙorafi ba, amma in ka buɗe bayan taksinsa sai ka ga jarkar ruwa cike, da shebur, da igiyar jan mota. Na sha tsokanarsa, in ce tsoho, rijiya za ka haƙa a gaban fadar shugaban ƙasa? Sai ya ce, ke dai ba ki taɓa jin ƙishirwa ba, shi ya sa bakinki ke da ruwan magana. Ba ya wuce motar da ta mutu a gefen hanya, ko da fasinja a ciki. Zai roƙi fasinjan, ya tsaya, ya tambaya. An sha zaginsa a kan haka. Cewa yake wanda ya wuce mai matsala, hanya tana riƙe masa.

Wani fasinja ne ya ba shi labarin hamadar yamma, can Nevada da gefen California, inda aka haƙi azurfa da zinariya a zamanin da, aka gina garuruwa, arzikin ya ƙare, mutane suka watse suka bar kufai. Ya dawo gida ranar kamar an yi masa albishir da Makka. Tun daga shekarar, duk hutun makaranta na ƙarshen sanyi sai ya tara mu. Mu hau jirgi, mu sauka, ya je ya yi hayar kat-kat uku, ya kewaye kowace yana bubbuga taya yana leƙa ƙarƙashinta har mai hayar ya gaji. Ni da farko na ce ba za ni ba. Na baro rana da ƙura a gida, in biya kuɗin jirgi in je neman wasu? Yaya ta ce in zo ko don in taya ta da yara. Na je ina mita, kuma ban sake fashi ba.

Da mun sauka daga kwalta sai ya zama wani mutum. Yakan tsayar da ayarin, ya fito, ya durƙusa ya rage iskar tayoyi da kansa, wai taya mai tauri rairayi ke haɗiye ta. Kafadarsa ta miƙe, muryarsa ta buɗe. Yana tuƙi yana nuna wa yara inda ƙasa ke da ƙarfi da inda take yaudara. Dokokinsa ba su da yawa: ba a wuce motar gaba, ba a zubar da ruwa ko na wankin hannu ne, kuma duk mararraba sai ka tsaya ka ga motar bayanka kafin ka juya. Mijina ya taɓa karya ta ƙarshen, Madugu bai yi masa magana ba har aka yi la'asar.

Wuraren kuwa, wallahi ba wuraren murna ba ne. Ramuka baƙi a jikin dutse an toshe bakinsu da ƙarfe. Tulin ƙasa rawaya da aka tono aka bari. Gidajen katako sun karkace, gwangwanaye sun yi tsatsa, murhun wata mata yana nan inda ta bar shi. Yara suna gudu suna ɗaukar hoto, shi kuma sai ya nufi bayan gari, don ya ce duk inda aka haƙi ƙasa don arziki, an haƙa ta don mutane ma. Kuma kullum sai ya samu maƙabartar. Allunan katako ne, rana ta cinye rubutun wasu. Shi karatun Turancinsa bai wuce allon hanya ba, sai ya kira autarsa ta karanta masa, yana maimaita kowane suna da bakinsa a karkace. Ya ce waɗannan baƙi ne irinmu, sun zo nema, gida yana jiransu, ba su koma ba. Daga nan ya hura gawayi a inuwar mota ya dafa shayi.

Shekarar da mijin maƙwabciyar nan 'yar Jos ya rasu, ta rufe kanta a gida, aiki kawai ke fitar da ita. Madugu ya aika Yaya ta gaya mata akwai wuri a mota, ita da 'ya'yanta biyu, kuma kada ta yi maganar komai. Ta ƙi, ya sake aikawa. Ta zo. A bakin wani tsohon rami ta tsaya ta daɗe, sai ta fara ba mu labarin mahaifinta, ashe mahaƙin kuza ne, ƙasa ta rufta masa tana 'yar shekara bakwai, ba a ciro shi ba. Ta ce tun da ta zo Amurka ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi kukan uba da na miji a haɗe. Madugu ya kwashe yaran duka ya tafi da su nuna musu wata tsohuwar tukunyar jirgin ƙasa, bai dawo da su ba sai da ya hango ta wanke fuska. Tun ranar take ce masa Baba.

To, mutumin da ya san lokacin da ya kamata a bar mace ta yi kuka, shi ne bai san abin da ke cin ɗansa ba. Ko kuma ya sani, ya kasa.

A gidajenmu ana kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa. Uwa ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san so ne ya yi yawa har ake ɓoye shi. Amma a gida akwai kaka a tsakar gida da za ta ɗauke yaron ta goya, akwai kawunnai da gwaggonni, akwai maƙwabta da za su ce masa, kai, ubanka fa ba shi da kamarka. Yaro yana tashi ya san ma'anar shirun. Madugu ya ɗauko kunyar ya hau jirgi da ita, ya baro kakar da gwaggonnin a Damagaram. Yaron ya tashi a gidan da ubansa ke ce masa wancan, ko yaron nan, yana kuma ji ana kiran ƙannensa da suna, ana ɗora auta a cinya. A lekkol, wato makaranta, yana ganin iyayen wasu suna ihu da sunan 'ya'yansu a filin ƙwallo. Lokacin da na iso ƙasar ya riga ya zama yaro mai shiru, mai amsawa da Turanci a taƙaice. Na yi iya yina, na kira sunansa har na gundure shi, amma Tanti ba uba ba ce.

Tun da ya samu lasin, uban ya ba shi motar baya a tafiyar hamada. Ƙaninsa yana gaba kusa da Madugu, yana riƙe taswira, ana koya masa hanya. Shi yana can ƙarshe yana shan ƙurar kowa, da jarkoki da shebur da igiya da ni. Shekara da shekaru haka. Yana ganin an jefar da shi ne. Ni ma haka na ɗauka, har na tare Madugu na ce masa wannan wace irin rowa ce, ka bar yaro ya ja gaba ko sau ɗaya mana. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce a ayari kowane wawa yana iya jan gaba in an nuna masa hanya. Motar baya ita ke ɗauke da ruwa, ita ke ganin wanda ya kafe, in ita ta lalace babu mai ganinta. Ba a ba da ita sai ga wanda ka yarda ka sa ran iyalinka a hannunsa. Na ce to ka gaya masa. Ya ce subhanallahi, ɗan fari ne fa.

Ni na gaya wa yaron, a cikin motar, muna bin ƙurarsu. Ya yi murmushin da ba na so, ya ce Tanti kin iya gyara magana. In haka ne, shi ya faɗa.

Abin ya fashe ne shekarar da ya gama jami'a a College Park. Muna bin wata busasshiyar ƙorama a ƙarƙashin tsohuwar mahaƙar azurfa, hadari ya haɗu a kan duwatsu can nesa. Madugu da kansa ya sha gaya mana cewa ruwan da bai taɓa ka ba shi ke zuwa ta ƙorama ya kwashe ka. Yana sauri ya fitar da mu, idonsa kuma ya fara raguwa ko da yake ba ya yarda, sai ya faɗa wuri mai laushi. Motar ta nutse har ciki, da Yaya da auta da 'ya'yan maƙwabciya a cikinta. Ya ba ta wuta, ta ƙara zama.

Yaron bai jira umarni ba. Ya hau da motarmu gefen tudu inda ƙasa ke da tauri, ya sa aka fitar da mata da yara, ya kwanta rub da ciki ya shiga ƙarƙashin motar uban yana tono da shebur, inda shebur bai shiga ba ya sa hannu. Bututun hayaƙi ya ƙone masa dantse, muka ji ƙaurin, bai ko tsaya ba. Ya ɗaura igiya, ya ja a hankali, ya saki, ya sake ja, har ta fito. Muna kan tudu ruwan ya iso, ja wur, da itatuwa a ciki. Bai kai yadda ake ba da labari ba, iyakarsa gwiwa, amma da ya samu motar a wurin da mun bar ta.

Kowa ya rufe yaron da yabo. Maƙwabciya ta rungume shi. Yaya ma ta manta da kunya ta kama hannunsa tana hurawa. Madugu ya yi hamdala ya tafi duba tayoyi. Da muka tsaya kusa da maƙabartar kufan ya dafa shayi, ya zuba kofin farko, wanda ba ya ba kowa sai babban baƙo, ya miƙa wa auta ya ce ta kai wa wancan. Ni na ga kofin farko ne. Yaron kalmar kawai ya ji.

Ya ajiye kofin a ƙasa, ya zo ya tsaya a kan uban. Da Turanci ya yi maganar, muryarsa ba ta tashi ba.

"Da safen nan ka sa an karanta maka sunayen matattu, kana faɗa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ba ka taɓa gani ba. Ga ni a gabanka. Faɗi nawa."

Babu wanda ya motsa. Ina kallon Madugu, ina roƙon Allah a zuciyata. Ya dubi butar shayi, ya gyara gawayi da yatsa, ya juya wajen Yaya.

"A sa masa magani a hannun nan," ya ce.

Wallahi da ina da abin jifa a kusa da na jefe shi. Yaron ya koma mota ya zauna. Ya ja motar baya har muka fita kwalta, bai bar tazara ba. Da muka dawo ya kwashe kayansa, ya samu aiki, ya kama ɗaki a Annandale. Ba nisa ba ne, ƙetaren kogi ne kawai, amma sai ya zama sai da salla ake ganinsa. Ya zo ya durƙusa ya gaida uban, uban ya amsa yana kallon gefe, ya shiga wajen uwarsa, ya tafi.

Ni na zama tafinta. In je Annandale in ce ubanka ya tambayi hannunka. In dawo Largo in ce ɗanka ya samu ƙarin girma a wurin aiki, sai in ga Madugu ya sunkuyar da kai yana ɓoye fara'a, ya tashi ya shiga ɗaki. Ranar auren yaron, Madugu ya ɗinka babbar riga sabuwa, ya zauna can baya cikin direbobi kamar ɗan gayya. Na yi masa faɗa, na yi masa ba'a, na ce tsoho, kalma ɗaya ce, ba haƙori za a cire maka ba. Ya ce shi ma ubansa bai taɓa kiran sunansa ba har ya mutu, kuma bai taɓa shakkar ubansa ba. Na ce kai kana da kaka, shi wa yake da shi? Ya ce yana da ke. Na ce Allah ya shirye ka.

Tafiyar hamada kuwa ta mutu. Da hutu ya zagayo yara suka tambaya, ƙanin ya ce shi zai ja motar baya, mijina ma ya ce zai ja. Madugu ya ce bana dai a bari. Wata shekarar ma ya ce a bari. Aikin taksi ya lalace da mutane suka koma kiran mota ta waya, ya rage fita, ya yawaita zama a ɗakin ƙasa. Wani lokaci in na shigo sai in same shi yana kallon hotunan tafiyar a talabijin ba sauti. Ya rame, ya daina tsokanata, ni kuwa wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Hawan jini ne ya kayar da shi, rabin jikinsa ya shanye. Aka kwantar da shi a asibitin da nake aiki. Bakinsa ya karkace amma ana gane maganarsa. Likita ya gaya mana gaskiya, na kira yaron na ce ya bar duk abin da yake yi. Ya zo da yamma, da kayan aiki a jikinsa, matarsa tana biye da tsohon ciki. Ya tsaya a gefen gado ya ce sannu Baba, da Hausa. Na ga idon Madugu ya sauka a kan tabon dantsen ya tsaya. Na sunkuya na ce masa a kunne, ga shi nan ya zo, babu kowa sai mu, don girman Allah ka kira shi. Leɓensa ya motsa. Ya daɗe yana motsi. Sai ya juya ido wajena.

"Ya ci abinci?" ya ce.

Yaron ya tsaya kaɗan, ya gyara wa uban bargo, ya fita. Na bi shi da kallo, na juyo na ce wa Madugu, ka kyauta. Hawaye yana bin gefen fuskarsa da ta mutu. Ya ce mini, yaron ya sani. Na ce bai sani ba. Ban san ko ya ji ni ba, don ya rufe ido. Bai sake wata magana mai tsawo ba sai kalmar shahada, kwana kaɗan bayan haka, Yaya tana riƙe da hannunsa.

Na yi fushi da shi yana kwance, na yi fushi da shi yana cikin likkafani, kuma ina kewarsa kamar in mutu. Duk gaskiya ne.

Yaya ba ta fita takaba ba matar yaron ta haihu, namiji. Ya kira ni ya ce sunan ubansa zai sa, amma in gaya wa mutanenmu tun yanzu, a gidansa babu Abba, babu Baba ƙarami, babu wani laƙabin ɓoye suna. Sunan zai kira, safe da yamma, a gaban kowa, yaronsa ba zai tashi yana tambaya ba. Na ce to. Da yake Yaya ba ta iya fita, a Largo aka yi sunan. Da hantsi liman ya yi addu'a ya faɗi suna, maza suka shafa, aka hawo da jaririn sama wajen mata, uban yana biye. Maƙwabciya ta miƙa masa shi, ta ce to ango, kira mana shi mu ji.

Ya karɓe shi. Ya dubi fuskar. Ya buɗe baki, muna jira. Ya sake buɗewa. Sai ya juya ya miƙa wa matarsa, ya ce karɓi wannan, kamar yunwa yake ji, ya sauka matakala da sauri.

A cikin motarsa na same shi, ya kifa kai a sitiyari, kafadunsa suna girgiza. Kukan da bai yi ranar jana'iza ba ne ya zo masa. Na buɗe ƙofa na zauna. Can ya ɗago, ya yi mini magana da Hausarsa mai ɗingishi.

"Tanti, ya ƙi fita. Ina son shi, ya ƙi fita." Ya share hanci da bayan hannu. "Haka Baba yake ji? Duk shekarun nan?"

Na ce haka yake ji.

Na bar shi ya yi mai isarsa. Sannan na ce ya share fuska ya koma ciki ya kira yaron nan, ko da kuka ne, ko muryar ta karye, don ni na tsufa, ba zan sake yi wa wani uba da ɗansa tafinta ba. Ya koma. Ina bakin ƙofa na ji shi, sau ɗaya, a hankali, sunan ya fito a tsage. Yaya, wadda ta yi zaman aure da mai sunan tun tana budurwa ba ta taɓa furta shi ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Wanda ya kamata a ce an yi wannan a gabansa yana kwance a ƙasar da ba tasa ba, bai ji ba.

Allah ya jiƙan Madugu, ya yafe masa abin da ya kasa faɗa, ya sanyaya masa makwanci. Ranar da za a tashi kowa, Allah ya kira shi da sunansa cikin waɗanda ya yarda da su.